Karnukanmu: An Ci Moriyar Ganga, An Yar Da Kwaurenta

A zangon karatun da ya wuce, wani malaminmu a sashen koyon aikin jarida ya kunna mana wani ɗan rahoton talabijin daga Ingila, don mu ga yadda ake haɗa hoto da murya. Rahoton a kan wata mata ne da ke kai karenta asibiti duk mako. Ana zagayawa da shi ɗakunan marasa lafiya, tsofaffi suna shafa kansa, yara suna wasa da kunnensa. Kafin a kai ƙarshe aji ya kaure da dariya. Wani daga baya ya ce, "Lallai Turawa sun ƙoshi!" Wata kuma ta ce ita da tana kwance aka shigo mata da kare, ai a take za ta warke, don da gudu za ta bar gadon.

Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba, mai karatu. Sai dai ina cikin dariya wani kare ya faɗo mini a rai, wanda na sani a ƙauyenmu da ke Ƙaramar Hukumar Tudun Wada. A kansa nake so mu yi magana yau, kuma ina roƙonka ka daure ka kai ƙarshe kafin ka ce ɗan boko ya rasa abin rubutawa.

Sunansa Ƙyale. Ka san yadda mutanenmu ke raɗa wa kare suna don habaici ga maƙwabci ko abokin gaba. Jan kare ne, dogo, mai yankakken kunne, irin na farauta. Mai shi wani yayanmu ne na unguwa. Shekara da shekaru, da zarar an gama kaka an shiga rani, tare suke fita daji, su dawo da zomo ko gafiya, wani lokaci har da gada. A lokacin Ƙyale ɗan gata ne. Akwai laya a wuyansa, ana dama masa kunu, kuma yaron da ya kuskura ya jefe shi sai ya sha mari.

Sai rayuwa ta juya. Yayan namu ya tafi Kudu neman kuɗi kamar yadda samarin yankinmu da yawa ke yi, ya bar karen ɗaure a gindin dalbejiya a bayan gida, da niyyar wata biyu zai yi ya dawo. Wata biyu suka zama takwas. Mutanen gidan suna fama da kansu, wanda ya tuna ya watsa masa ƙanzo, wanda bai tuna ba shi ke nan. Da na je hutu na leƙa, wallahi da ƙyar na gane shi. Haƙarƙarinsa duk a waje, kaska ta cika kunnuwan, igiya ta ci wuyan har ya yi gyambo. Kaskon ruwansa a bushe ƙayau. Wanda aka raɗa wa Ƙyale don a yi wa wasu habaici, sai ga shi shi aka ƙyale.

Na fara kai masa ruwa da ragowar tuwo da safe. Innata ta dube ni ta ce, "Kai kuma wannan ɗin aka koya maka a jami'ar?" Na ce, "Inna, ƙishirwa yake ji." Ba ta ƙara cewa komai ba. Bayan kwana uku na lura ita da kanta take ware ɗumamen a wani tsohon kwano.

Amma hutu ƙarewa yake yi. Na san in na koma makaranta, Ƙyale zai koma gidan jiya. Sai na kira mai shi a waya na ce, "Yaya, ko dai ka dawo, ko ka ba ni izini na nema masa wani gidan." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yi yadda ka ga ya dace, ƙanena. Ni ma abin yana raina." Akwai wani kawuna a ɓangaren Doguwa, gonarsa ta masara tana kusa da bakin dajin Falgore, kullum kukansa birai. Na fara kai karen wurin malamin dabbobi ranar kasuwa, aka wanke gyambon, aka ba shi maganin kaska da na tsutsa, aka yi masa allurar rigakafin hauka. Sannan muka ɗora shi a babur cikin babban kwando. Kawu ya zagaya shi ya ce, "Ɗana, wannan ƙasusuwan ka kawo mini?" Na ce, "Kawu, ku ba shi wata ɗaya." Da na koma a hutun da ya biyo baya, daga nesa na ji haushinsa. Kawu ya ce bana birai sun san da zamansa.

Labarin ke nan, babu wani abin al'ajabi a ciki. Abin da ya dame ni shi ne Ƙyale ba shi kaɗai ba ne. Bi hanya daga Kwanar Dangora ka gangara Tudun Wada har ka ratsa Falgore, ko ka shiga ƙauyukan Bebeji da ke kewaye da madatsar ruwa ta Tiga, ka ƙirga karnukan da za ka gani a bola da bakin mahauta. Kusan kowannensu ya taɓa zama na wani. Mu a yankinmu ba don ado muke ajiye kare ba, ma'aikaci ne. Yana farauta, yana gadin gona da lambu, yana bin shanu a ruga. Ranar da ya tsufa, ko ya karye, ko mai shi ya yi tafiya, ƙarshensa sananne ne. Ko a bar shi a ɗaure, ko a kore shi da jifa, ko a miƙa shi ga fataken da ke sayen karnuka suna kaiwa kasuwanni irin ta Dawaki a Ƙaramar Hukumar Kanke ta Jihar Filato. An ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta.

Mu matasa ya kamata wannan ya fi yi wa ciwo. Ai mun san wa ake kira karen farauta a lokacin zaɓe, mun kuma san yadda ake yi da shi bayan an rantsar da mai gida. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya yi wa wata halitta irinsa ba.

Na san abin da ke bakinka: mutane na kwana da yunwa, yara ba sa zuwa makaranta, kai kana maganar kare? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan kauce mata ba. Amsata ita ce, ko da ba ka da ɗigon tausayin kare a zuciyarka, maganar nan ta ƙaninka ce da ke tafiya makarantar allo da asuba, da ƙanwarka da ake aika ɗebo ruwa. Karen da aka yasar ba ɓacewa yake yi ba. Yana nan yana yawo, yana faɗa da wasu karnukan a kan mushe, babu mai yi masa rigakafi, babu mai lura ranar da halinsa ya canza. Ta nan cutar haukan kare ke samun hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar nan tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kuma kashi 95 cikin 100 na mace-macen a Afirka da Asiya suke faruwa. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta, sannan kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin a bayyane yake: yaro ne ke tsokanar kare, shi ne gajere da cizo ke samu a fuska ko wuya, kuma shi ne zai ɓoye ciwon don tsoron duka a gida.

Muguntar cutar a ɓoyewarta take. Ƙwayar tana shiga ta yawun karen, ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Ciwon cizon ya warke, kowa ya manta. Rana tsaka sai zazzaɓi, sai firgita, sai mutum ya ga ruwa ya kasa haɗiya. A ƙauye sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi. Alhali daga ranar da alamun nan suka bayyana, kusan babu mai tashi. Abin takaicin, tun shekarar 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza allurar farko, yaron ya rayu. A nan gida kuma, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana haɗa allurar rigakafin karnuka. Maganin ya girmi kakanninmu, amma har yau ana binne yara saboda ita.

To mu koma kan karen can na asibitin Ingila da muka yi wa dariya. Bayan darasin na je na karanta yadda abin ya samo asali. Wani likitan halayyar yara a birnin New York mai suna Boris Levinson ne ya lura cewa yaron da ya ƙi yi masa magana yakan saki jiki idan karensa, Jingles, yana ɗakin, har ya yi rubutu a kan haka a 1962. A 1976 wata ma'aikaciyar jinya, Elaine Smith, ta kafa ƙungiyar Therapy Dogs International a Amurka. A Birtaniya kuma an kafa Pets As Therapy a 1983. 'Yan sa-kai ne ke kai karnukansu, ba biyansu ake yi ba. Karen kuma ba magani yake bayarwa ba, kewa da fargaba yake rage wa wanda ya daɗe a kwance babu mai leƙo shi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sharuɗɗan. Kafin kare ya taka ƙofar asibiti sai an gwada halinsa, a ga ko ƙara na firgita shi, ko zai yi gurnani in baƙo ya taɓa shi. Sai an ga takardar rigakafinsa, a tabbatar da tsaftarsa. Mai shi na riƙe da igiyarsa daga shiga har fita, kuma ba a kai shi gadon wanda bai so. Wasu daga cikin irin karnukan nan ma a yashe aka tsince su, wani ya ɗauka ya kula da su. Wato abin da muka gani a rahoton nan, bayan kare da gado, mutum ne da ya ɗauki nauyin dabbarsa har ƙarshe.

Kada ka fahimce ni a baibai. Ba ina kira a fara shiga da karnuka Babban Asibitin Tudun Wada ba ne. Da yawa daga cikin marasa lafiyarmu firgita za su yi, ga maganar tsarki ga mai son yin salla a gadonsa, ga shi asibitocinmu na da buƙatun da suka fi wannan gaggawa nesa ba kusa ba. Kewar da Bature ke korewa da kare, mu muna da dubiya, al'adar da addini ya kwaɗaitar da mu a kai, sai dai in mun yi sakaci da ita. Abin da nake cewa shi ne, karen can da karen bolarmu duk halitta ɗaya ce, kuma duk biyun suna da alaƙa da asibiti. Ɗaya yana shiga ya sanyaya wa mara lafiya rai, ɗaya yana tura yaro can a ranga-ranga. Bambancinsu mai riƙo ne. A halin da muke ciki, babban taimakon da kare zai yi wa asibitocinmu shi ne ya kasance mai gida, mai rigakafi, don kada a kai kowa can ta dalilinsa.

Saura maganar addini, don na san a nan mutane da yawa ke fakewa. Ni ba malami ba ne, ɗalibin jarida ne, amma abin da muka koya a Islamiyya bai ɓace mini ba. Gaskiya ne an yi hani ga ajiye kare haka kawai, an keɓe na farauta, da na kiwo, da na gona. To ai waɗannan ukun su ne ainihin karnukan yankinmu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo tare da su. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne a karan kansa, duk da umarnin wanke ƙwaryar da ya sa wa baki sau bakwai. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah Ya gafarta masa. Sun kuma ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Duk lokacin da na tuna Ƙyale a gindin dalbejiya, wannan hadisi na biyu ne ke tsorata ni. Cewa kada ka kwana ɗaki ɗaya da kare daban, izinin azabtar da shi daban. Na farkon muka riƙe, na biyun mu muka ƙirƙiro wa kanmu. Je ka tambayi malaminka, ka ji ko zai ce maka akwai lada a jifan kare.

Me za mu yi ke nan? Abin bai kai yadda ake zato wahala ba. In kana da kare kuma ka ga riƙonsa ya fi ƙarfinka, ko tafiya ta kama ka, nema masa wani gidan tun kafin ka ɗau jaka. Akwai manomin da birai suka addaba, akwai mai lambu, akwai makiyayi. Ka tambayi mai karɓa me zai riƙa ba shi, ina zai kwana, kuma ka gaya masa gaskiyar halin karen, musamman in ya taɓa cizo. Bayan wani lokaci ka leƙa ko ka yi waya. In kana riƙe da shi kuwa, daga wata uku da haihuwa ake fara allurar, a riƙa sabuntawa duk shekara, ka adana takardar. Kuɗinta bai kama ƙafar abin da za a kashe a jerin alluran da ake yi wa mutum bayan cizo ba. In karyarka ta haihu, kada ka kwashi 'yan kwikwiyon ka zubar a bayan gari, su ne karnukan bolar baɗi. Sannan ka hana ƙannenka jifa, domin karen da ya saba shan dutse shi ne ke cizo don tsoro.

In kuma tsautsayi ya faɗa, kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, ga abin da nake so ka haddace ko da ka manta duk sauran rubutun nan. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15. A tafi asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da hali zai yi. Ƙona gashin karen a shafa, ko ɗaure wurin da tsumma, ba ya kashe ƙwayar. In karen sananne ne, a tsare shi a sa masa ido na kwana 10 kuma a sanar da malamin dabbobi, amma kada wannan ya hana fara allura.

Sai kuma aikin gayya, wanda nan ne nake kallon 'yan'uwana ɗalibai. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Kuma tun 2018 hukumomin lafiya na duniya suka fitar da shirin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilin cizon kare kafin 2030. Lokaci ya ƙure, kuma ba daga Abuja za a zo a ƙirga mana karnukan Riruwai ko na Yako ba. Muna da ƙungiyoyin ɗalibai a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, waɗanda galibi sai bikin yaye ɗalibai ko ziyarar ɗan siyasa ake jin ɗuriyarsu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya. Me zai hana mu je wurin Sarkin Baka da shugabannin mafarauta, mu je wurin arɗo da dagaci, mu rubuta wa sashen gona na ƙaramar hukuma, a sa rana ɗaya ta kasuwa a kawo karnuka a yi musu allura? Mafarauci ya fi kowa sanin darajar karensa, in aka je masa da ladabi zai fito. Ƙananan hukumomin nan huɗu mazaɓun tarayya biyu ne, Kiru da Bebeji, Doguwa da Tudun Wada. Mu kai wa wakilanmu buƙatar a rubuce, mu ga ko za a rasa kuɗin allura. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya yi ɗan bidiyo da Hausa a kan wanke cizo, ya watsa a WhatsApp na unguwa. Wannan shi ne aikin sa-kai da ya dace da mu, kuma ai an ce karen bana shi ke maganin zomon bana.

Kafin na dawo makaranta na sake biyawa ta wurin Kawu. Muna zaune a bukkar gona, Ƙyale na kwance a bakin ƙofa, tabon igiyar nan har yanzu yana wuyansa, gashi bai rufe shi ba. Na ce, "Kawu, kada a manta, watan gobe allurarsa ke cika shekara." Ya ce, "Takardar tana cikin aljihun rigar sallata, ɗana." Mai shi na farko ma ya kira ni daga Kudu yana tambaya, na tura masa hoto.

Kai ma akwai irin wannan karen a unguwarku, ka san shi, ka san gidan da yake ɗaure. Gobe da safe in za ka wuce, leƙa ka ga ko akwai ruwa a kaskonsa. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da Ya damƙa a hannunmu.